Man kaɗe, inuwa da basilla

Ranar Talata, bayan an tashi yara, wata abokiyar aikina ta tsaya tana kallon ƙafata, ta ce, "Madam, sabon takalmi kika yi ba ki kawo mun sa albarka ba?" Na ce mata wannan takalmin ya riga autana zuwa gidanmu, autan kuwa bana ya shiga aji ɗaya. Ba ta yarda ba sai da na tuɓe ɗaya na juya mata ƙasansa, ta ga sawun ɗinki biyu, tsoho da sabo. Ta ce in gaya mata abin da nake yi masa. Muna tsaye a bakin ƙofar makaranta, rana ta take, mai kabu-kabu yana jirana, ban samu na yi mata bayani yadda nake so ba. Shi ya sa yau na zauna in rubuta.

Mu shida ne a gida: ni, maigida da yara huɗu. Ƙafa goma sha biyu ke nan, kullum suna taka yashin Damagaram da duwatsunta. Ni koyarwa nake yi, shi kuma yana da ɗan shago. Tun farkon 2024 mafi ƙarancin albashi a nan Nijar jaka 42 ne a wata, alhali shadda mai kyau ta babban mutum, in an haɗa da ɗinki da aikin wuya, takan haura haka. Wanda yake sayen gero da ruwa da littattafan yara ba zai iya sake sutura duk lokacin da ta koɗe ba. Amma kuma ba wanda yake so ya shiga mutane kamar an kwato shi daga bakin kura, ni kuwa gaban yara nake tsayawa kowace safiya, suna kallona tun daga ɗankwali har ƙafa.

Takalmin nan a Birni na saye shi, wajen wani tsoho baduku da ke aiki a zauren gidansu, ba nisa da fadar Sarki. Fade ne na fatar akuya, ja mai duhu. Hunturu ɗaya ya yi a ƙafata sai fatar ta fara tsagewa daidai inda take lanƙwasa in na taka. Na mayar masa raina a ɓace, a zatona ruɓaɓɓiyar fata ya sayar mini. Ya karɓa bai ce komai ba, ya murza fatar tsakanin yatsunsa, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya ɗago ya ce, "'Yata, da sanyin nan kina shafa mai a ƙafarki?" Na ce, "Ina shafawa, Baba, in ba haka ba ai faso zai hana ni tafiya." Ya ce, "To wannan fa? Ita ma fata ce. Da tana jikin akuya, jikin ne ke ba ta mai. Yanzu ke ce jikin nata."

Ya jawo wani ɗan gwangwanin tumatir da ke gefen buzunsa, cike da man kaɗe. Ya lakato kamar ƙwayar gyaɗa, ya murza a tafin hannu har ya narke, ya bi fatar da babban yatsa a hankali, yana daɗewa a wurin lanƙwasar da gindin ɗinki. Ina kallo fatar da ta yi fari-fari kamar ƙafar yaro da safiyar hunturu ta koma ja, ta yi laushi. Inda ya riga ya tsage kuma ya sa wata 'yar fata ta ciki, ya huda da basilla, ya ɗinke da zaren da ya goga wa kakin zuma. Dala ashirin ya karɓa, shi ma sai da na matsa.

Tun daga ranar ban sake barin takalmin fata da ƙishi ba. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan mai, tana kuma rasa shi. Iskar hunturu tana busar da ita, ƙurar da ta shige cikin lanƙwasa tana cin ta kamar yashi a haƙori, gumin ƙafa kuma in ya bushe gishiri yake bari. Abin da nake yi ba wani mai wuya ba ne. Na goge ƙura da tsumma mai ɗan danshi, na bar shi ya sha iska a inuwa, na shafa man kaɗe kaɗan, na bar shi ya kwana, da safe na goge da busasshen tsumma. Da hunturu duk sati biyu, sauran lokaci sau ɗaya a wata ya isa. Kaɗan ɗin nan da na faɗa da gaske nake, domin in man ya yi yawa fatar takan saki, ƙura kuma ta manne mata. Man kaɗe yana ƙara wa fata duhu, saboda haka in takalmin mai haske ne a fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Kada a sa man gyaɗa: yana yin ɗoyi in ya daɗe, yana kuma kiran kiyashi da ɓera. Sau-cikin maigida, baƙi, shi siraj, wato man goge takalmi, nake sa masa, amma shi ma sai na share ƙurar tukuna. Siraj a kan ƙura laka ce kawai ake shafawa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda muka juya wa dukawanmu baya. Garin nan da fata aka san shi. A zamanin Sarki Tanimun ayari yana tashi daga nan da jemammun fatu ya ratsa Sahara har Tarabulus. Fatar jar akuyar Maraɗi har Turai an san darajarta. Ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, jima da bagaruwa, duk a ƙasarmu ake samu. Yau kuwa sai mace ta wuce baduku ta je ta sayi takalmi mai ƙyalli na leda da aka yi wa zanen fata, a bakin kuɗi ɗaya ko ma fiye, bayan wata uku ya fara saɓulewa kamar maciji. Irin wannan ba mai ko siraj da zai cece shi, don ƙyalle ne aka shafa wa roba, in robar ta fara ɓarewa shi ke nan. Ni ma ina saye wani lokaci, saboda 'yan matan gidana suna son abin yayi, ba zan hana su gaba ɗaya ba. Sai dai na san abin da na saya, ba na biyan kuɗin fata a kan leda. A duba bakin inda aka yanka: fata ta gaske zare-zaren nama ake gani, ta jabu kuwa ƙyalle ne ko soso a ƙasa.

Kowane takalmin kanti da ya shigo gidana, kafin a taka shi ƙasa sai ya je wajen mai ɗinkin takalma an zagaye shi da zare. Yawancinsu da gam kaɗai aka haɗa sama da ƙasa, zafin Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da rana ke haura digiri 40, kwalta da yashi suna sassauta gam. Ɗinkin dala hamsin tun takalmi yana sabo ya fi gyaran da za a yi bayan ya wage baki, yashi ya cika ciki, gefen ya yage. In kuma gam ɗin za a sa a gida, a kankare tsohon, a wanke wurin ya bushe, a shafa ɓangare biyun, a jira har ya daina kama yatsa sosai, sannan a haɗa a daddaka. Masu haɗawa yana ɗanye su ne ke cewa gam ba shi da kyau.

Takalman bosho, wato na gwanjo, akwai na kirki a ciki, na sha samo wa yara masu ƙwari a Kasuwar Dole. Amma akwai tarko ɗaya. Wani takalmin za ki gan shi kamar ba a taɓa sawa ba, ashe ya shekara da shekaru a ajiye, robar ƙasansa ta mutu. Na taɓa saya wa babban ɗana irinsa ana gobe komawa makaranta a watan Oktoba. Washegari kafin azahar ya dawo gida yana tafe ƙasan yana zuba kamar gari, idonsa cike da hawaye saboda dariyar da yara suka yi masa. Abin ya tsaya mini a rai. Yanzu sai na lanƙwasa takalmi da ƙarfi a gaban mai shi, na danna farce a ƙasan. In na ga 'yan tsage-tsage, ko ya yi danƙo, ko ya ɓantare, na ajiye masa abinsa.

Da damina in takalmin fata ya jiƙe, kada a kai shi rana, kada a kai shi kusa da murhu. Zai bushe ya ƙandare kamar ganda. A cusa masa tsofaffin takardu a ciki, a jingine a inuwa inda iska ke wucewa, in ya bushe a ba shi mai. Na rufe kuma, in da hali, kada a sa shi kwana biyu a jere, a bar gumin jiya ya fita. Na yaran da ke wari, gawayi nake ƙullewa a tsumma in sa a ciki ya kwana.

Tufafi kuma labarinsu a Damagaram labarin ruwa ne. Kowa ya san ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka ɗauke babban birni daga nan aka mayar Yamai a 1926, kuma har yau da bazara akwai unguwannin da famfo ke yin kwanaki bai ɗiga ba, sai a bi 'yan ga-ruwa, kuɗin bido, wato jarkar ruwa, yana hawa. Da ina ganin wannan cikas ne kawai. Daga baya na lura wanki da kansa yana cin tufa fiye da sawa. Duk cuɗawa, duk matsewa, zare ne ke raguwa. Rigar da na sa na je makaranta na dawo, in ba ta yi datti ba, ina tuɓewa nake kakkaɓe ta, in juya cikinta waje, in rataye a inuwa ta sha iska. In wuya ne ko hammata suka yi gumi, wurin kaɗai nake wankewa da ruwa kofi biyu. Kayan ciki da na yara ƙanana daban, su kullum ne.

Ranar wanki da farare nake farawa, ruwan ɗaurayarsu ya zama na wankin masu launi, na ƙarshe a yayyafa a tsakar gida ƙura ta kwanta. Atamfa ba ta son garin sabulu mai ƙarfi, ba ta son jiƙo mai tsawo. Sabulun dunƙule, ruwan sanyi, a wanke a ɗauraye nan take. Sannan shanya, wadda ita ce ta fi kashe mana kaya. Ranar garin nan da ke busar da zane kafin a gama wanke na biyu, ita ce ke shanye launinsa. Mun saba mu shanya da safe mu tafi harkokinmu, sai la'asar a kwashe. Sa'a shida ko bakwai ke nan atamfa tana gasuwa a banza. Ni na ɗaura igiyata ƙarƙashin dogon yaron da ke tsakar gida, ina juya kaya ciki waje, suna bushewa ina kwashewa. Ina da wata atamfa da muka yi anko da maƙwabciyata shekara huɗu da suka wuce. In muka jera yau ba za a ce turmi ɗaya aka yanko ba.

Farare su ne ke son rana. Jar ƙurar da ke kama wuyan riga da bakin hannu, ina goga mata sabulu tun tana sabuwa, in bar ta ɗan lokaci, in cuɗa da tsohon buroshin haƙori. A ruwan ƙarshe in sa bula kaɗan, in narkar da ita sosai kafin in tsoma rigar, don kada ta yi dabbare-dabbare. Ruwan jabel, wato bilic, ina taka-tsantsan da shi. Yana cin auduga a hankali har wata rana riga ta yage a hannu, yadin roba kuma rawaya yake mayar da shi. Kuma don Allah, 'yan uwa, kada a taɓa haɗa shi da lemun tsami ko wani abin wanki mai tsami. Iskar da ke tashi guba ce, tana ƙona ƙirji.

Shekarar da na fi koyon darajar tsohuwar tufa ita ce 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka da Najeriya, yadin da ke zuwa mana daga Kantin Kwari ta Kano ya yi wuya ya yi tsada, kuran, wato wutar lantarki, da ke zuwa daga can ma aka yanke. Na sauko da dutsen guga na gawayi wanda mahaifiyata ta ba ni cikin kayan aure. Har yanzu shi nake ɗauka in wuta ta ɗauke: a bar gawayin ya ruru sosai hayaƙi ya ƙare, a busa tokar, a goge ƙasan a kan tsumma, a fara da kaya masu kauri, masu santsi kuma a shimfiɗa musu farin ƙyalle a sama. Tartsatsi ɗaya ya isa ya huda mayafi.

A cikin wannan matsin ne ɗaurin auren ƙanin maigida ya taso, ba kuɗin sabuwar shadda. Akwai wata fara da ya yi shekara biyar yana sawa Juma'a, ta yi ja-ja a kafaɗa, ba bular da ke tashinta, amma yadin lafiya lau, ko huji babu. Na kai ta wajen wata mai rini a unguwarmu. Ta ɗaga ta a haske ta ce, "Yaya, wannan ai ba ta mutu ba, gajiya ta yi." Ta rina ta shuɗi mai duhu, ta ba ta ƙaro, muka kai wa mabuga. Wanda bai taɓa tsayawa a mabuga ba ya rasa kallo. Mutum biyu suna fuskantar juna, gungumen ice a tsakaninsu, shaddar a ninke, tabaren suna sauka ɗaya bayan ɗaya kamar masu daka, suna juya ta suna sake ninkewa, har ƙyalli ya fito kamar an zuba mata ruwa. Wani abin da ban zata ba, zaren aikin wuyan na roba ne, bai sha rinin ba, ya zauna fari tas a kan shuɗin. Ya fi yadda yake da kyau. Duka abin da na kashe bai kai kuɗin yadi ɗaya na sabuwa ba. Ranar ɗaurin aure 'yan uwansa suna ta taɓa hannun rigar suna tambayar inda ya samo ta da iyaka a rufe.

Rini daga haske ake tafiya zuwa duhu: fara ta koma ruwan sama, daga baya shuɗi, daga baya baƙi. Auduga ce ke sha, yadin roba ba ya sha. Shadda kuma in ana son ƙyallinta ya daɗe, ba a cuɗa ta, ba a murɗe ta. A tsoma a ruwan sanyi da sabulu kaɗan, a ɗaga a mayar, a rataye ta tana ɗiga.

Tela ma abokin rufin asiri ne, in an san lokacin zuwa wajensa. Ana saura sati biyu Salla ba mai sauraren gyara. Bayan Salla da sati ɗaya kuwa keke yana hutawa, zai zauna ya juya miki wuyan rigar makarantar yaro, wanda ya cinye ya koma ciki, ya saki kalmasar wandon da ya ɗage, ya fitar wa ƙaramin yaro riga da wando daga tsohuwar babbar rigar ubansa. In ana ɗinka wa yara sabo, ina roƙonsa ya bar yadi a kalmasa da gefe, saboda badi. Zanena in ya gaji yakan zama na zaman gida, daga nan na goyo, daga nan shimfiɗar jariri, kafin ya kai ga tsumman da nake goge takalma da shi.

Anko ne dai har yanzu muke kai ruwa rana da shi. Na ƙirga wata shekara na ga atamfa biyar na saya don biki, uku a ciki ba launin da nake so ba ne, sau ɗaya na ɗaura su. Yanzu in ba na jini ba ne ko aminiya ta ƙut da ƙut, nakan je da abin da nake da shi, in kai gudummawata a hannu. Wasu sun ji haushi da farko. Amaryar da aka ba kuɗi ta sayi tukunya ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba.

Kayan da ba na sawa kullum suna cikin adakar ƙarfe, a kan bulo, ba a ƙasa ba, an ja ta daga bango saboda gara. Ba na ajiye tufa sai wankakkiya, busasshiya, don asu da kyankyaso gumi da maiƙo suke bi. Wadda za ta daɗe a ajiye ba na sa mata sitaci. Busasshen ganyen dogon yaro nake ƙullewa a ƙyalle in sa a kusurwa huɗu. Kafur yana aiki, amma ba ya shiga inda kayan jarirai suke, saboda yana iya cutar da jininsu, ga shi kuma yara suna ɗaukarsa alewa. Da damina ta wuce nakan fito da komai ya sha iska, in sake ninkewa ta wani wurin don kada layin ninki ya karye. Daren da za a sa kaya kuma in kifa kwando a kan kasko, in sa turaren wuta, in lulluɓa rigar a kai.

Alhamis da ta wuce, da na fito kasuwa, na bi ta Birni da takalman yara biyu da dunduniyarsu ta cinye ta gefe ɗaya, a sa musu guntun tayar mota. Tsohon badukun nan idonsa ya yi rauni, ɗansa ne ke riƙe da basilla yanzu, shi yana zaune a gefe da carbi. Na gaishe shi ya gane muryata, ya ce in miƙo ƙafar nan ya gani. Na tuɓe na ba shi. Ya shafa, ya lanƙwasa, ya kai hanci kamar ranar farko. Ya ce ƙasan zai ɗauki ɗinki ɗaya nan gaba, in ya ƙare a sake masa sabo, saman kuwa ba abin da ya same shi. Ya ce wa ɗan nasa ya duba igiyar hagu, zare ɗaya ya fara saki. Na zauna a bakin zauren da ƙafa ɗaya ba takalmi har ya gama.